Keken Kurege da Rumbun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, in ta yi ɗaci mu kurɓi ruwa.

Kurege ne dai. Wata shekara Bushiya ta bakin gangare, mijinta Jatau ya rasu, ya bar mata rumbun gyaɗa cike har wuya. Ba gyaɗar bara mai ƙwari ba, 'yar bana, jar nan mai maiƙo. Kurege ya je gaisuwa. Baki yana "Allah ya ji ƙansa", hanci yana wajen rumbu. Ya koma gida, ya kasa cin komai.

Ya ce a ransa, rumbun nan ba shi da ƙofa sai ta aure. Bari ta fita takaba, in shiga zawarci.

To, da me? Kurege ba gona, ba rumfa a kasuwa. Riga ɗaya ce, ita ce ta Juma'a, ita ce ta barci. Bushiya kuwa ba macen da ake zuwa wa hannu sake ba ce. In ta shiga kasuwa masu tumatir rufe kwando suke yi, don tana taya kaya har mai shi ya ji kunyar kayansa.

Kurege ya ce, keke zan yi. Ba irin na masu kai itace ba. Keken tsere, irin na 'ya'yan masu hali, siririn taya, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, wanda in ka hau sai ka duƙa kamar allurarka ta faɗi. Wanda ya gan ni a kai ba zai tambayi gonata ba.

Sabo ya fi ƙarfinsa. Sai ya shiga wajen 'yan gwangwan, inda ake tara ƙarafan da suka gama aiki.

Ya tarar da Jimina ta baza tayoyi. Ya ɗaga ɗaya, ya karkata kai.

"Wannan taya ce ko igiyar shanya?"

"Ajiye mini kayana in ba saye za ka yi ba."

Ya taya. Ta ce albarka. Ya raina, ya tafi, ya dawo, aka sallama masa.

Ya je wurin Biri mai faci, ya ga sarƙa da haƙoran giya.

"Sarƙar nan ko ɗan tsako aka ɗaure da ita tsinkewa zai yi ya tafi kiwo."

"To je ka ɗaure tsakon naka da wata."

Ya taya. Biri ya ce albarka. Ya raina, ya tafi, ya dawo, aka sallama masa.

Haka ya bi ya samo sirdi, ya samo birki, ya samo feda biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Saura gangar jiki, ƙarfen da ake ɗaura komai a kansa. Irin mai kyau, marar nauyi, duk garin ba a samu sai a bayan gidan Kure.

Kure shi ne mai unguwa. Duk gidan da aka yi mutuwa shi ne farkon zuwa, kuma ya fi kowa kuka. Kafin a dawo daga maƙabarta ya sa an kwashe kayan mamaci, wai ajiya, kada su salwanta kafin rabon gado. Matar tana ɗaki a lulluɓe, ba ta fita, ba ta ɗaga murya. Ranar rabo sai a kawo buta da tsohon takalmi. Rumbu ne kaɗai ke gagararsa, don ba ya ɗaukuwa a ka.

Kurege ya zaga ta baya ya yi sallama. Kure ya jawo masa wata gangar keke daga ƙarƙashin buhuna. Kurege ya sa yatsa ɗaya, ta taso. Daɗi ya kama shi, amma baki ya riga ya saba.

"Ranka ya daɗe, wannan ai karan dawa ne."

"Nan ba kasuwa ba ce," in ji Kure. "Ɗauki a yadda na faɗa. Kuma ranar da na ji a bakin wani inda ka samo ta, kai da wutsiyarka loma ɗaya ce."

Kurege bai raina ba, bai tafi ba, bai dawo ba. Ya biya ya saɓa. Ta wa ce? Mai sayayya a bayan gidan Kure ba ya tambaya.

Ya kai gida ya wanke komai da kananzir, ya goge da toka, ya ɗaura wannan a jikin wancan. Ya shafa jan fenti, ya bushe, ya ƙara wani. Ya naɗe kan da farin ƙyalle. Keke ya fito, ƙuda ya sauka a kai santsi ya kwashe shi. Abu ɗaya ne: duk sanda feda ta zagayo sai keken ya ce "ƙiris". Ya zuba baƙin mai, ya ce ƙiris. Ya zuba man shanu, ya ce ƙiris. Kurege ya ce kukan sabunta ne.

Ranar da Bushiya ta fita takaba, ta yi wanka, ta sa lalle, aka soya waina aka raba. Zawarawa suka cika ƙofar gida. Zomo ya zo da turmin atamfa a hammata. Kure na kan kujera a inuwa, faranti biyu a gabansa.

Sai ga Kurege ya karyo kwana, a duƙe, wutsiya a sama. Ƙiris, ƙiris, ƙiris. Ya zaga taron, ya sake zagawa, ya saki hannu, ya ja birki daidai ƙafar Zomo.

Zomo ya ce, "Gwanjo ne?"

"Gwanjo a gidanku. Da haƙorina na yage kwalinsa. Jirgi ne ya kawo shi, shi kaɗai a ciki. Ɗaga ka ji."

Zomo ya ɗaga. Ya ajiye. Ya mayar da atamfarsa bayansa.

"Kar ka taɓa sirdin da hannun waina," in ji Kurege. "Fatar wata dabba ce da ba a ma san sunanta a nan ba."

Ana haka aka leƙo daga zaure, aka ce Bushiya na kiran mai keke, ya shigo da kekensa. Kurege ya dubi Zomo ya ce, "Je ka kai wa innarka atamfar." Ya tura keke ciki. Daga zauren ana hango rumbu.

Bushiya na zaune a tabarma. Ba ta dubi Kurege ba, keken take kallo.

"Hajiyata, barka da fita. Allah ya sa ƙarshen wahala ke nan."

"Amin. Juya fedar."

Ya juya. Ƙiris.

"Sake."

Ƙiris.

Ta ce, "Shekarun da na yi a gidan nan, da na ji wannan kuka daga gangare nake sauke tukunya. Ina cikin takaba ma kunnena bai daina jiransa ba."

Kurege ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Hajiya, keke ai kamar jarirai ne, kukansu ɗaya."

Ta ciro ƙaya guda daga bayanta, ta kankare fentin ƙarƙashin sirdi. Ja ya tafi, kore ya fito, ga tabon walda kamar ƙwarƙwata.

"Nan ya tsage. Jatau ya kai aka liƙe, mai walda ya ce kada wanda ya fi shi nauyi ya hau. Ko ni bai taɓa goya ni ba. Wannan shi ne jirgin naka?"

Kurege ya saci kallon ƙofa.

"Na san wanda ya ɗauka," in ji ta. "Na aika wa manya ina ɗaki, suka ce mai takaba haƙuri ne nata. Ranar rabo na yi magana, suka ce ina shaida. Ga shaida ta kawo kanta da jan fenti. Kai kuma na san abin da ya kawo ka, tun ranar gaisuwa hancinka ke ba da labari. Fita ƙofar gida, ka faɗi wanda ya sayar maka, da ƙarfi, kowa ya ji. Ka faɗa, na aure ka, ka ci gyaɗa har ta gundure ka."

Kurege ya ji ciniki ne, sai ransa ya ɗan dawo.

"In faɗa a hankali, a kunnen Zomo."

"Albarka."

"In faɗi rabin sunan."

"Albarka."

"In nuna shi da wutsiya."

"Albarka. Baki na taya, ba wutsiya ba."

Ya raina, ya tafi har bakin ƙofa. Iska ta kaɗo ƙanshin rumbu. Ya dawo.

"Na sallama."

Ya turo keke waje, ya hau kan turmi, ya ce jama'a a saurara. Aka yi tsit. Bushiya ta tsaya a bakin zaure. Kurege ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan Kure. Kure ya gama da waina, yana sakace. Haƙoran nan a jere, kowanne ya fi kan Kurege.

Kurege ya ce a ransa, in na faɗa, gyaɗa ta samu, mai ci ya tafi. In ban faɗa ba, mai ci na nan, gyaɗa ta tafi. Sai dai in Kure ne ya riga ni tafiya. Ana iya faɗin komai a kan wanda aka binne.

Ya gyara murya.

"Jama'a, keke irin wannan bai kamata talaka ya riga shugaba jin daɗinsa ba. Ranka ya daɗe, a sa masa albarka. A ɗan taɓa gangaren nan, yara su ga yadda manya ke hawa."

Kure bai gane ƙarfen da ya sayar ba, fenti ya rufe. Ya ga ja, ya ga ƙyalli, ya ga idon jama'a a kansa. Ya tattare babbar riga, ya ɗare. Keke ya ce ƙiris. Kurege ya tura shi da hannu bibbiyu.

Gangare ya karɓe shi. Riga ta cika da iska. Ƙiris, ƙiris, ƙiris, ƙiris, sai ƙaras. Gaban keke ya yi gabas, bayan ya yi yamma, Kure ya zauna a kan dutse da duk nauyinsa. Ƙarafan suka gangara cikin kududdufi, ruwa ya rufe.

Aka ruga. Kurege na kan gaba, yana addu'a a ransa, ba irin wadda ake yi wa marar lafiya ba. Ya tarar Kure da ransa. Ƙugu ne ya tafi, haƙori ko ɗaya bai fita ba.

Kure ya damƙo wutsiyarsa. "Kai ka kashe ni."

Kurege ya sunkuya kamar mai yi masa sannu, ya ce a kunnensa, "Ranka ya daɗe, tayar Jimina lafiya lau, sarƙar Biri ba ta tsinke ba. Gangar ce ta karye. Za su tambaye ni inda na saye ta. In faɗa?"

Kure ya dubi jama'a. Ya saki wutsiya.

"Ƙaddara ce," in ji shi. "Yaron nan ba shi da laifi."

Aka ce Allahu akbar, ka ji shugaba mai haƙuri. Aka ɗauke shi a kan ƙyaure. Nan take manya suka yanka wa kowane gida kwanon gyaɗa na dubiya, aka fara karɓa daga gidan Bushiya, tun da a ƙofarta abin ya faru. Tun ranar ƙugun kura bai sake miƙewa ba, ku duba tafiyarta. Amma mutuwa ta gaba da aka yi a garin, da jan gindi Kure ya je, kuma shi ya riga kowa.

Kurege ya karkaɗe riga ya koma zaure.

"Hajiyata, kin ga aiki. Na rama miki."

"Me ka faɗa a kan turmi?"

"Ai abin da na yi ya fi magana."

"Ƙugun Kure na taya?"

"A'a, amma..."

"Magana na taya, ka ce ka sallama. Ina kayana?"

"To a ba ni rabin rumbu, ladan ƙugu."

"Da safe ina da keken mijina, ina da shaida a kan ɓarawo. Yanzu yana ƙarƙashin ruwa, ɓarawon kuma na kai masa gyaɗa. Fita mini daga zaure, kar in nannaɗe in bi ta kanka."

Ya raina, ya tafi, ya dawo. Ya tarar an sa sakata.

Ya tsaya a waje, ba keke, ba aure, hanci cike da ƙanshi. Ya zaga bayan katanga, ya auna daidai inda rumbu yake, ya dubi faratansa. Ya ce ashe ƙofar ba ɗaya ba ce. Ya fara tono.

Bushiya tana auna gyaɗarta tana ganin tana sauka. Ta kai ƙara wurin manya. Suka ce ina shaida.

Ƙurunƙus, kan kurege a rami, wutsiya a waje. Wadda duk mijinta ya cika, ta sa wa zaure kwaɗo tukuna, ta daɓe gindin rumbu da siminti, sa'an nan ta zauna ta yi kukanta a tsanake.