Lauratu Mai Gaisawa da Tsutsa

Akwai wata mata a Gagarawa, can a shekarun da Turawa suka fara shigowa ƙasar Gumel, sunanta Lauratu. Kaɗi ne sana'arta, amma ba na auduga ba. Gidajen da wata tsutsa ke saƙa wa kanta a jikin magarya take tsinkowa, ta dafa da ruwan toka, ta ja zare mai sheƙi wanda maɗinka ke rububinsa.

Sai dai tana da wata ɗabi'a. Ba ta tsinkar gida sai ta kara kunne ta girgiza shi. In ta ji mai gida na ciki, ta bar shi. Fanko mai huda kaɗai take ɗauka. Mata suka sa mata suna Mai Gaisawa da Tsutsa.

Wata shekara da rani fatake suka zo neman zaren. Gari ya watsu daji, aka tsinke mai rai da fanko, duk aka antaya a tukunya. Hankalin Lauratu ya tashi, don in iri ya ƙare, sana'ar ta ƙare. Da ƙyar ta tsira da masu rai bakwai, ta rataye su a gefen rumbu.

Damina ta faɗi, shiru. Ƙaninta Dogo ya ce, "Yaya, waɗannan sun mutu. Ki dafa su ki huta."

Ta girgiza ɗaya a kunne. "Bari dai, Dogo. Barci suke."

Ranar da aka kwana ana ruwa, da safe ta fito ta tarar da abu a jikin rumbu, kamar malam-buɗe-littafi amma ya kai tafin hannunta biyu. Fikafikansa ja-ja ne, kowanne da ɗigo garai-garai wanda ake hango haske ta cikinsa. Lauratu ta durƙusa tana hawaye. "Alhamdu lillahi! Sannu da fitowa."

Cikin bakwai ɗin, biyar suka fito. Ba su ci komai ba, 'yan kwanaki kawai suka yi, suka zuba ƙwai a magaryar bayan gida suka mutu. Kafin kaka, rassan sun cika da sababbin gidaje.

Matan da suka yi mata dariya suka zo da kunya neman iri, don na daji ya ƙare. Ba ta yi musu gori ba. Ta miƙa wa kowacce gida ɗaya, ta ce, "Kara a kunne. Ki gaishe shi tukuna."

Darasi: Abin da ke ciyar da kai, ka bar masa iri, ka kuma gode wa Allah da ya ba ka shi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su ƙaru.