Malam Gwadabe da Sunan da ke Bayan Littafinsa

Akwai wani malamin firamare a Tudun Wadan Zariya, Malam Gwadabe. Allah Ya ba shi alƙalami, sai dai akwai ɗan jin kai. Littattafan yara uku ya rubuta, kuma da kansa ya kai su bugu wata ƙaramar maɗaba'a mai suna Zinariya.

Ranar bugun farko, mai maɗaba'ar, Alhaji Sharfaddeen, ya tambaye shi, "Malam, sunan wane kamfani za mu sa a bango?"

"Sa naka kawai, Alhaji. Ni marubuci ne, ba ɗan kasuwa ba."

Aka sa sunan Zinariya, har da lambar rajistar littafi ta Zinariya. Haka aka yi a duka ukun.

Ijeamaka mai shagon littattafai ce ta fara jan kunnensa. "Malam, makarantu sun fara tambayar littafinka fa. Yanzu ne lokacin da za ka yi rajistar kamfaninka."

Ya tuntsire da dariya. "Madam, kamfani a ɗaki ɗaya? Ni ne manaja, ni ne masinja?"

Bayan shekara biyu, wata ƙungiyar makarantu ta zaɓi littafinsa na biyu don ɗaliban aji huɗu. Burinsa ke nan tun ranar da ya fara rubutu. Sharaɗi ɗaya suka sa: kamfanin da sunansa ke jikin littafin ya kawo takardar amincewa cikin mako biyu.

Ya hau acaɓa sai maɗaba'a. Ya tarar ana sayar da kifin firji a wurin. Ashe Alhaji ya rasu, magada sun sayar da injin, sun watse.

Ya je unguwar Hanwa wajen babban ɗan Alhaji, Mujahid. "Wallahi Malam, ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba. Sai 'yan'uwa sun zauna."

Ya yi ta zarya, 'yan'uwa ba su zauna ba. Ya je ofishin ƙungiyar da littafin rubutunsa na hannu.

Sakataren ya ce, "Kowa ya san kai ka rubuta, Malam. Amma takardar nan mawallafi take nema, ga sunansa nan a bango."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Littafinsa ne, amma ba shi da bakin magana a kansa. Ya je ya sami Ijeamaka kansa a ƙasa, ta nuna masa yadda ake rajistar kamfani, don ya sake buga littafin da sunan kamfaninsa. Kafin takardar rajistar ta fito, wa'adi ya wuce.

Da aka koma makaranta, 'yarsa Sumaiya ta kawo jerin littattafan aji huɗu. Malam Gwadabe ya je ya sayo mata littafin wani, alhali nasa na nan cikin kwalaye a ƙarƙashin gado.

Darasi: Da zarar littafinka ya fara fita daga hannun 'yan'uwa da abokai zuwa shaguna da makarantu, yi rajistar kamfaninka, sunanka ya tsaya a kan aikinka. Kuma kada girman kai ya hana ka jin shawara. Ku tura wa duk marubucin da kuka sani.