Madubin Aro

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, da daɗewa, tun iyayen wasunku ba su yi aure ba. Sunansa Malam Haladu. Ku saurara, jama'a. Masu hira a sahun baya, ku ma ku saurara, don har da ku nake.

Malam Haladu malamin kwaleji ne, yana koyar da ilmin halittu: yadda jini ke zagaya jiki, yadda shuka ke rayuwa, yadda ƙwayar cuta ke shiga mutum. Ba wani babba ba ne a wurin, keke yake hawa. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da abubuwan da ido ba ya gani sai da madubin likita, wanda ake ɗiga ruwa ko jini a ƙarƙashinsa a leƙa, alhali babu madubin ko guda a kwalejin. Sai dai ya zana a allo. Ya zana, ɗalibai su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta.

Abin da ke ci masa rai shi ne 'ya'yan ƙauye. Ɗan birni da ya yi makaranta mai kyau ya taɓa leƙa madubin, in an yi zane ya san abin da ake nufi. Amma ɗan masunci fa? Ɗan makiyayi fa? A fara shekara da su arba'in, kafin damina ta sauka sun koma bakwai. In ya gamu da ɗayansu a kasuwa ya tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kimiyya ba ta irinmu ba ce." Wallahi wannan magana tana ƙona masa zuciya.

A cikin waɗanda suka daure akwai Kuluwa, 'yar masunta, matar aure mai 'ya'ya biyu, kullum a kwalekwale take tsallako kogi. A ƙauyensu tsargiya ta zama ruwan dare, ana fitsarin jini ana cewa alamar girma ce. Cutar ce ta ci ƙanenta. Saboda haka ta zo karatu, tana so ta san mene ne ya kashe shi. Saura mata shekara guda ta gama.

Ana nan sai takarda ta zo cewa sufetoci za su zo duba sashen ilmin halittu, su ga ko ya cancanci ci gaba. Kun san halinmu. Aka shafa fenti, aka share harabar da ba ta ga tsintsiya ba tun bara. Shugaban kwaleji ya aika wani gari mai nisa aka aro madubai ashirin a mota, aka jera su a kan tebura. Sannan ya kira Malam Haladu ofis.

Ya ce, "Malam Haladu, na aro ne, kwana uku za su yi. Kada ɗalibi ya taɓa. In baƙin nan sun tambaye ka, namu ne, kullum da su ake karatu."

Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba haka ba ne."

Shugaba ya ce, "Na sani. Kowace kwaleji haka take yi. In suka rufe sashen nan, ɗalibanka da kake tausayi ina za su? Ka yi tunani."

To jama'a, kada ku ɗauka abin da sauƙi. Mutumin nan ya koma gida ya kasa cin abinci. In ya yi ƙarya, Kuluwa za ta sami takardarta, shi ma ya tsira da aikinsa. Amma motar za ta kwashe madubai, a rubuta a can sama cewa kwalejin nan ba ta rasa komai ba, kuma har abada ba wanda zai sake tunawa da ita. 'Ya'yan masunta su ci gaba da zuwa arba'in suna komawa bakwai. In kuwa ya faɗi gaskiya, waɗanda yake so ɗin su za su fara shan wuya. Ya juya nan, ya juya can, ya rasa inda babu ciwo.

Ranar ta zo. Babbar sufetocin wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta shafa madubi ɗaya, ta dube shi ta ce, "Malam, sau nawa a mako ɗalibai ke aiki da waɗannan?"

Shugaba yana tsaye a bayanta. Malam Haladu ya dube ta. Ya ce, "Hajiya, ba su taɓa ba. Na aro ne, jibi za a mayar. Shekara goma sha ɗaya da alli nake nuna musu."

Sai ya ƙara da cewa, "Alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin a kwashe, a bar su su leƙa ko sau ɗaya."

Dattijuwa ta ce a bar su, gobe, a gabanta.

Washegari Kuluwa ta zo da fitsarin wani mai tsargiya daga gidansu a 'yar kwalba. Malam ya ɗiga, ya daidaita madubi, ya ce, "Zo ki gani." Ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ga ƙwan tsutsar tsargiya nan, da 'yar ƙayarsa a gindi, daidai yadda yake zanawa. Ta ɗago da hawaye ta ce, "Malam, ashe da gaske ne? Wallahi na ɗauka zanen littafi ne kawai."

Kuna jira in ce daga nan sai daɗi, ko? Ina ganin fuskokinku. A'a.

Bayan wata biyu aka dakatar da sashen. Aka ce ɗaliban su nemi wata kwaleji, mafi kusa kuwa tafiyar yini ce a mota. 'Ya'yan masu hali suka tafi. Kuluwa da miji da 'ya'ya, ina za ta? Shi kuma Malam Haladu aka cire shi daga aji aka mayar da shi sito, yana gadin karyayyun kujeru. Abokan aikinsa suka daina amsa masa sallama.

Ran da Kuluwa ta zo kwashe littattafanta, ta same shi a ƙofar siton. Ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Malam, saura mini shekara ɗaya fa. Da ka yi shiru."

Ya ce, "Na sani, Kuluwa. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ɗauki jakarta ta nufi bakin kogi. Bai sake ganinta ba, kuma wannan magana tata ba ta bar shi ba har ya koma ga Allah.

Shekara shida bayan haka, saboda rahoton dattijuwar nan, hukuma ta sayi madubai na gaske aka sake buɗe sashen. Lokacin Malam Haladu ya shekara biyu a kabari. Aka yi biki, aka yi jawabai, ba wanda ya ambaci sunansa. 'Ya'yan masunta da makiyaya suka shiga suka leƙa, da yawansu suka tsaya har ƙarshe, ba su san wanda ya biya musu da rayuwarsa ba.

Ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya ba ciniki ba ce da za ka bayar yau ka karɓi riba gobe. Wani lokaci za ta ci aikinka, ta ɓata ka da wanda kake ƙauna, ka mutu ba wanda ya ce maka sannu. Duk da haka ita aka umarce ka da ita, kuma Wanda ya umarce ka ba Ya mantuwa. Malaman makaranta da ke zaune a nan, ma'aikatan asibiti, ku na ofis: sau nawa aka jera kayan aro a gabanku, baƙo ya tambaya, kuka ce naku ne? Duk ranar da kuka yi haka, kun rufe ƙofa a fuskar ɗan talakan da bai ma iso ba tukuna, kuma za a tambaye ku. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da take da tsada. Ku ce amin.