Falle Takwas Daga Tsakiyar Littafi

An yi wani mutum a nan Gombe, ya 'yan uwa, mai maɗaba'a a Bolari, can bayan tasha. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kada ma wani ya tare ni bayan salla yana cewa, "Malam, ko wane ne?" Ba tonon silili muka zauna yi ba.

Sana'arsa sake buga tsofaffin littattafai: na tarihi, na waƙoƙin mutanen da, da waɗanda makarantu ke karantarwa. Duk littafin da ya yi wuyar samu a kasuwa, wurinsa ake zuwa. Da farko mutumin kirki ne, wannan kam a faɗa. Sai zamani ya juya. Takarda ta yi tsada, wuta ta zama baƙuwa, injin ya tsufa, shi ma ya tsufa tare da shi. Kullum yakan koma gida da ciwon baya da baƙin tawada har gwiwar hannu. Ya gaji. To, wa bai gaji ba a cikinmu?

A wajen masu wannan aiki, babbar takarda guda ita ake bugawa a ninke, ta ba da shafi goma sha shida. Wata rana takarda ta gaza masa a tsakiyar aiki, sai ya cire goma sha shida daga cikin wani littafin tarihi, ya sake jera lambobin shafi, ya ɗinke, ya kai kasuwa. Ya yi mako guda gabansa na faɗuwa. Shiru. Wata ya wuce, ba wanda ya zo.

Daga nan abin ya zama masa hanya. Ba ya taɓa farko, ba ya taɓa ƙarshe, tsakiya yake yanka. Yakan ce a ransa, wa ke karanta tsakiyar littafi? Kuma abin haushi, gaskiyarsa ce! In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke sayen littafi mu karanta shafi uku, mu ɗora shi a kan kabad ya sha ƙura. Shekara tara yana wannan ha'inci a garin da ke cike da malamai, ba a samu mutum ɗaya da ya karanta har ya ji an tauye shi ba.

Ana nan sai wata tsohuwa ta zo daga Gabukka, sunanta Nana Hauwa, shekarunta sun haura tamanin, idonta ya fara dushewa. 'Yarta Bashira, malamar makaranta, ce ta riƙo hannunta. Tsohuwar ta ajiye wata tsohuwar gafaka ta fata a kan teburinsa. A ciki akwai rubutun mahaifinta da ajami, tarihin zaman mutanen unguwarsu da malaman da suka karantar da su. Falle-falle ne, ba ɗinki, ba lambar shafi, kamar yadda mutanen da ke yi. Kuma babu wani kwafi a duniya sai wannan.

Ta ce, "Ɗana, so nake a buga shi yadda yake, da hannun babana, kafin in kwanta dama. Amana ce na ba ka."

Ya ce, "In sha Allah, Inna."

Ya 'yan uwa, ko da sau ɗaya ne, ai sai ya ji tsoron Allah. Amma hannun da ya saba ba ya neman izinin zuciya. Ya buɗe tsakiya ya ga sunaye ne jere, sunayen mata, kowace da baiti biyu ko uku a ƙarƙashinta. Ya ce wannan ai jerin sunaye ne kawai. Ya zare falle takwas, gaba da baya shafi goma sha shida cif, ya ɗora su a kan tulin tarkacen takardu da niyyar in an gama ya mayar cikin gafaka. An gama aiki, ya manta. Ya miƙa wa tsohuwa gafakarta da littattafanta sababbi fil, ta yi ta sa masa albarka har da hawaye, shi kuwa yana ta cewa amin.

Ran Juma'a bayan la'asar Nana Hauwa ta tara dangi da maƙwabta a tsakar gida, aka dafa shinkafa, Bashira ta soma karantawa. Tsohuwar na jingine da bango tana gyaɗa kai, don tun tana yarinya take jin babanta na karanta shi. Can sai ta ɗago.

"Bashira, kin tsallake."

"Ban tsallake ba, Inna."

"Kin tsallake mana. Daga batun haƙa rijiya, sai matan da suka karantar a cikin gidaje. Su arba'in da ɗaya ne, da baitocinsu. Innata ce ta goma sha biyu."

Aka duba littafi, babu. Aka zazzage gafaka, babu.

Washegari da hantsi Nana Hauwa ta hau Keke mai ƙafa uku ta iso Bolari. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba, ɗana. Bugun ka riƙe, na yafe. Takardun babana kawai za ka ba ni."

A lokacin ne ya tuna. Ya juya ya dubi lungun da tarkace ke taruwa, wayam. Duk ƙarshen wata wani mai tsire a bakin Kasuwar Gombe, ana ce masa Iro, yakan zo ya kwashe su a buhu don naɗe nama. Mai maɗaba'ar ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Ya iske Iro yana jera tsinke, ya tambaye shi takardun.

Iro ya ce, "Af, masu rubutun allo? Na gan su, Alhaji. Ni ban yi karatu ba, amma na san wannan ba abin naɗe tsire ba ne, kada a ce da sunan Allah a ciki. Na ware su na ƙona a wuri mai tsabta, na binne tokar, yadda aka koya mana."

Kun ji? Wanda bai iya karanta harafi ɗaya ba ya girmama rubutu iyakar saninsa. Wanda ya yi shekara talatin yana ci daga rubutu shi ya watsa shi cikin shara.

Sauran labarin gajere ne. Bashira ta ɗauko littattafan da makarantarsu ta saya a wurinsa, ta gwada su da tsofaffin bugu, kowanne ta buɗe sai ta tarar da rami a tsakiya. Magana ta zagaye gari. Makarantu suka dawo da nasu a kwali-kwali, masu shagunan kasuwa suka sauke nasa daga kanta. Kafin damina ta faɗi ya sayar da injin ga masu jari-bola, ya rufe ƙofa. Ko littattafansa na farko, waɗanda ya buga cikakku lokacin yana tsoron Allah, ba mai yarda da su kuma.

Amma duk wannan bai ci masa rai kamar zuwansa Gabukka ba. Ya durƙusa a gaban tsohuwar ya faɗa mata gaskiya. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "To. Kana da biro? Zauna ka rubuta, ko Allah zai sa in tuna."

Ya zauna. Ta faɗi sunan innarta, ya rubuta. Ta faɗi na biyu, ta faɗi na uku. Tana yi tana dafe goshi. Ta kai bakwai, ta tsaya. Ya riƙe biro yana jira, har inuwa ta juya a tsakar gida. Daga ƙarshe ta ce, "Suna nan a bakina, ɗana, sun ƙi fitowa. Tashi ka tafi." Cikin daminar nan ta rasu. Mata talatin da huɗu da suka ƙarar da rayuwarsu suna karantar da 'ya'yan mutane, yau babu mai iya kiran sunan ko ɗaya ya yi mata addu'a.

Ya 'yan uwa, wallahi na gaji da maimaita maganar tauye mudu, don kowa na ji sai ya waiga wajen mai awon hatsi. Kowace sana'a da mudunta. Tela na da nasa, magini na da nasa, malamin aji da ke tsallake darasi na da nasa, ni mai wa'azi ina da nawa. Wanda ya tauye hatsi zai iya zuwa gobe ya cika. Mutumin nan fa, da me zai cika? Yana nan da rai, ya tuba, muna yi masa fatan gafara, amma ba shi da abin mayarwa. Kada ka ce ba mai dubawa, Mai dubawa yana nan.

Allah ya jiƙan matan nan, Shi da bai manta sunan ko ɗaya ba. Allah ya ba mu ikon cika amana ko ba a ganinmu. Allah ya kiyaye mu da ɓarnar da ba ta gyaruwa. Amin.