Hannun da Bai Iya Saukewa Ba

Malama Damaris, matar mai bisharar ƙauyenmu, ita ta fara ba ni wannan misali, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidanta. Ubanta maɗori ne, don haka ta san jikin mutum. Ku bar motsi ku ji, 'ya'yana.

Akwai wani mutum mai haƙar rijiya, yana da ɗa guda, ƙaƙƙarfa. Uban yana ciki yana haƙa, ɗan yana sama yana jawo gugan ƙasa. In ya ja, sai ka ga damtsensa ya dunƙule kamar curin fura. Mata masu wucewa su tsaya kallo, shi kuwa ya ƙara ƙaimi. In ya juye ƙasar, sai ya saki igiya, guga ya tafi fuu har ƙasa.

Uban yakan ɗago kai ya ce, “Kai, sarkin ƙarfi! Aikin hannu uku ne. Akwai ja, nama ya tattaru. Akwai riƙo, ba abin da ke motsi amma nama na cin wuta. Akwai saukewa, nama na miƙewa alhali bai bar aiki ba. Ɗaya ka iya.”

Ɗan ya yi dariya ya ce, “Baba, saukewa ma aiki ne? Ko jariri ya iya sakin abu.”

Sau ɗaya ya gwada sauke guga cike a hankali. A ranar bai ji komai ba. Bayan kwana biyu hannun ya yi tsami, ko loma da ƙyar ya kai baki. Ya ce wannan wahalar banza ce, ba mai gani, ba mai yabo. Bai sake ba.

Ana nan uban ya tsufa, gwiwa ta ƙi matakan bangon rijiya, ɗan ya karɓi haƙa. Wata rijiya suka kai gaba goma sha biyu ba ruwa. Tsohon kaɗai ya san karatun ƙasa, sai ya ce a zura shi da igiya ya duba. Ya ce, “Naɗa igiyar a gungume tukuna.”

Ɗan ya ce, “Nawa kake, Baba? Guga biyu sun fi ka nauyi.”

Ya fara zura shi. Gaba uku lafiya. A gaba na biyar tsohon ya ce, “Tsaya nan, in ga wannan jar ƙasa.” Ɗan ya tsaya. Ba ya ja, ba ya saki, amma wuta ta kama masa hannu tun daga kafaɗa. Kunya ta hana shi cewa ya gaji.

“To, ci gaba. A hankali, ɗana.”

Hannun bai san a hankali ba. Riƙe ƙam ya sani, da saki gaba ɗaya. Igiya ta fizge, ta ƙone masa tafi, ya ji tim a ƙasa.

Da numfashi ɗaya ya jawo shi sama, gama ja kam ya iya. Amma bayan tsohon ya riga ya karye. Tsohon ya ƙara shekara huɗu bai taka ƙasa ba. Kullum ɗan ya ɗauke shi, ya riƙe shi a yi masa wanka, ya kwantar da shi a tabarma sannu sannu. Wata rana tsohon ya ce, “Ka ga yanzu ka iya.” Ɗan ya fita bayan ɗaki ya yi kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, igiya a hannunmu take, wanda ke rataye kuwa tsohon gidanku ne. Duk mun iya ɗagawa. Mu ɗaga yaro, mu ɗaga murya a waƙa, mu ɗaga kuɗin baiko a coci kowa ya gani. Amma tsufa gangara ce. Ido ya sauka, ƙafa ta sauka, hankali ya sauka, kuma Allah ya ɗora mana mu sauke su a hankali. Ba mai tafa maka. Ciwonsa ma sai daga baya kake ji. Kada ku ce sai ranar ta zo, hannun da bai koya da guga ba, ba zai koya da mutum ba. Ubangiji yana gafarta zunubi, wannan gaskiya ne, amma ban ga ya mayar wa tsohon nan bayansa ba.

Malama Damaris ba don nishaɗi ta faɗa mini ba. Shekara biyu Inna, mahaifiyata, tana ɗakina tana tambaya ɗaya sau goma, tana ɓata shimfiɗa. Rana ɗaya na gaji, na ɗaure kayanta a zane, na sa ta a mota zuwa gidan ƙanena Habila. Wata biyar ban leƙa ba.

Washegarin ranar da na ji misalin, da sassafe na dama kunun tsamiya yadda take so, na kama hanya. Na same ta a gindin bango, ta rame. Na durƙusa na ce, “Inna, na zo.”

Ta karɓi kunun da hannu biyu, ta dube ni da kyau, ta ce, “Sannu, baiwar Allah. 'Yar gidan wa ce ke?”