Gajerun Masara na Bakin Hanyar Jiratawa

Abin ya fara ne ranar Alhamis, 28 ga Janairu, 1993, da ƙarfe goma da kwata na safe, a fadamar Jiratawa. Ina wurin, na kuma dubi agogo, don tun a makarantar mishan aka saba mini da haka.

Alhaji Nata'ala babban ɗan kasuwa ne a unguwar Zariya ta Maraɗi. Yana da kyauta, ba ya cin haƙƙin kowa, amma ba ya jure a ga abu marar kyan gani a cikin kayansa. A lokacin an ba jam'iyyu dama, shi ma ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa.

Ƙanensa Idirisa malamin gona ne. Shekara bakwai yana aikin iri a gonar yayansa, ko da albashi ya daina zuwa bai fasa ba. Yana rufe furen masara da jakar takarda, yana aurar da kowane kara da kansa, har ya tace iri biyu. Ɗaya ba ya kama ciwon da ke zana farin layi a ganye, ɗayan mai cika totuwa ne. Sai dai tacewar ta mai da su gajeru, ba su wuce ƙugu ba, kamar masu jinya. In aka aurar da wannan ga wancan, ɗansu ke fitowa dogo, kore shar, goyo bibbiyu. Ɗan ne ya cika gonar, iyayen kuwa layi biyu ne a bakin hanya. Ƙwari sun cinye irin iyayen da aka ajiye a gida, don haka abin da ya rage ke nan a duniya.

Alhaji ya sauko daga mota ya tsaya a kansu.

"Idirisa, mi ne ne wannan?"

"Iyayen ne, Yaya."

"Da la'asar manyan parti za su biyo ta nan zuwa miting. So kake 'yan adawa su ce gonar Nata'ala wadanni take haihuwa?"

"Yaya, a bar su su ƙosa, saura kaɗan. Ko a kewaye su da zana."

"Zana? Sai a ce ina ɓoye wani abu. Ga dogayen nan, a ɗebi iri a jikinsu mana."

"Ɗan ba ya haifar kamarsa, Yaya. In aka shuka 'ya'yansa, warwatsewa za su yi."

Alhaji ya yi dariya. "Ni Gado ya haife ni, na ɗauko kamarsa, ɗana ya ɗauko tawa. Masara ta fi mutum ne?"

Idirisa ya durƙusa ya riƙe gefen rigarsa. Alhaji ya fizge, ya sa yaronsa Tanimu ya kawo adda ya sare su. Kafin azahar ragunansa sun cinye layin biyu.

A wajen miting Alhaji ya ɗaga kara mai goyo biyu, ya yi alkawarin iri kyauta ga kowa. Bai ci zaɓen ba, amma ya raba irin, don kada a ce ya kasa. Idirisa ya bi gida-gida yana gargaɗi, yayansa ya ce hassada ce. Daga Jiratawa har Tibiri aka karɓa. Tsohon irin da aka gada kuma aka daka aka yi tuwo, don an ga ba a bukatarsa.

Aka shuka a noman rani na gaba. A watan da aka karya darajar kuɗin sefa, tiyar hatsi ta yi tsada, kowa ya zuba wa masarar ido. Wata safiya na raka Idirisa cikin gonaki. Yana tafe yana duba karare. Wani kara ya fi ni tsawo, na kusa da shi bai kai ƙirjina ba, wani babu goyo ko ɗaya. A tsakiyar kowace gona ga gajerun nan tsaye, kamar waɗanda aka sare sun dawo neman mai addar. Ya juya wani ganye, muka ga farin layi. Ya ce, "Malam, ciwon ya shigo." Ban taɓa jin tsoron gona ba sai ranar.

Ko rabin abin da aka saba ba a girba ba.

Mutane suka taho ƙofar Alhaji da karare a kai. Ba wanda ya yi ihu, kuma shirun ya fi ihu ban tsoro. Kowa ya ajiye nasa ya ja baya, har ƙofar ta toshe. Saudatu, wata gwauruwa mai marayu, ta ɓare goyo ta nuna masa totuwa mai 'yan ƙwayoyi.

"Alhaji, ba faɗa na zo ba. Irin uban yarana ka sa na daka. Mi zan shuka baɗi?"

Alhaji ya juya ga ƙanensa. "Idirisa, ka sake yin iyayen. Ko nawa ne zan biya."

"Shekara bakwai, Yaya. In an yi sa'a."

Alhaji bai sake fita masallaci ba. Kafin damina ya ƙetare iyaka, can ya rasu. Matasa da yawa su ma suka tafi cin rani, ba duka suka dawo ba.

Waɗanda suka rage su ne Saudatu, wadda ta koma surfe a Sabon Gari; Zalihatu matar Alhaji, a gidan da ba a buɗe babbar ƙofarsa; Tanimu da ya riƙe addar, wanda har yau ba ya bin hanyar gonar; Idirisa, da furfura da jakunkunan takardarsa; sai ni.

Mai karatu, darasin shi ne kada gudun abin da mutane za su ce ya sa ka sare abin da kake tsaye a kansa. Sau da yawa abin da ke ciyar da kai shi ne marar kyan gani a gidanka. In wanda ya san aikin ya durƙusa ya ce ka dakata, to ka dakata, ko da ƙanenka ne.