Batirin Zuciyar Malam Nu'uman

Akwai wani manomi a Barkiya, ana ce masa Malam Nu'uman. Mutum ne da zama ke ba shi ciwo. Da zuciyarsa ta fara yin sanyin bugu har yana faɗuwa, aka kai shi Kano aka sa masa 'yar na'ura mai batiri a ƙirji don ta daidaita bugun.

Wanda ya yi jinyarsa shi ne amininsa Sabitu, abokin tashinsa. Saboda haka da damina ta matso, Malam Nu'uman ya ba shi aron gonarsa ta bakin fadama, a kan in ya warware zai karɓi abarsa.

Bayan ya dawo gida, ya fara ɗan tattaki da safe. Ranar nan ya ƙara sauri, sai ya ji zuciyar tana dukan ƙirjinsa kamar ana daka. Ya tsorata, ya nufi wurin Sabitu.

Sabitu ya dafa ƙirjin, ya girgiza kai.

"Nu'uman, batiri ne fa. Ba ka ga na waya ba? In kana ta latse-latse, nan da nan ya ƙare. Duk takun da ka yi, cin shi kake. Kai dai ka zamna."

Maganar ta shige shi, don daga bakin amini ta fito. Mutumin da ke zuwa kasuwar Kurfi a ƙasa ya koma tabarma, ko masallaci sai ya lissafa taku. Wata uku yana zaune. Ƙafafu suka kumbura, jiki ya yi nauyi. Sabitu kuwa kullum sai ya zo gaisuwa, har da ɗan goronsa, yana cewa, "Kar ka damu da gona, ko baɗi ma ina nan."

Matarsa Azumi ce ta gaji. Ta ce, "Malam, ni zaman nan bai yi mini ba. Ranar ganin likita ta wuce, mu tahi."

Suka je Dutsin-Ma suka hau motar Kano. Likita ya auna na'urar, ya ji labari, ya ajiye biro.

"Baba, ai an yi ta ne don ta ƙara bugu idan kana motsi. Ta ɗan yi saurin tashi, yanzu zan daidaita ta. Batirin nan shekaru yake yi, tafiya ba za ta cinye shi ba. Ka fara a hankali, in zuciyar ta buga da ƙarfi ka tsaya ka huta. In ka ji jiri ko ciwon ƙirji, ka dawo da wuri. Amma duk wannan na faɗa wa abokinka ranar sallama, lokacin kana cikin magagi. Har sau biyu na sa ya maimaita mini."

Malam Nu'uman da matarsa suka kamo hanyar gida. Abin ya yi masa zafi fiye da wurin da aka yanka.

Ya yi sati uku yana tattaki, kullum yana ƙara nisa. Ranar da ya ji ƙarfi, ya kama hanyar fadama. Sau huɗu yana tsayawa ya dafa bishiya har zuciyar ta lafa, amma ya isa.

Ya tarar da Sabitu cikin dawa, ta yi kyau abin sha'awa. Sabitu ya ɗago, fartanya ta suɓuce masa.

"Mi ya kawo ka nan? Batirinka..."

"Likita na gaishe ka," in ji Malam Nu'uman. "Ka girbe dawarka, guminka ne, ba ni taɓa ko zangarniya. Da ka ce mini kana son gonar, wallahi da na bar maka ita shekara biyar. Amma Sabitu, wata uku kana kallon ƙafafuna suna kumbura, kana ba ni goro."

Labari ya zaga gari, kuma da damina ta sake zagayowa, duk Barkiya babu wanda ya ba Sabitu aron ko kunya ɗaya ta gona.

Darasi: Wanda ya yarda da kai lokacin da yake kwance, lafiyarsa ya damƙa maka, kada ka ci amanarsa don abin duniya. Kuma maganar jikinka, ka ji ta daga bakin likita da kunnenka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinya.